Shaidar da Na Bayar a Kan Nelson

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Yau na ba da shaida a Zumuntar Mata ta cocinmu. Shekara da shekaru ina ɗaura zanen zumunta, ban taɓa miƙewa gaban mata na yi magana ba sai yau. Na ce musu ɗana Nelson ya ji kiran Ubangiji, ya ajiye gyaran fanka da firiji, zai shiga aikin bishara. Ban rufe baki ba Mama Janet, shugabarmu, ta rangaɗa guɗa. Masu tulun kiɗa suka buga, masu caki suka kaɗa, aka sa ni a tsakiya ana rawa.

Mama Janet ta rungume ni ta ce, "Damaris, ashe mai ƙosai ce za ta haifa mana fasto. To daga yau sai mun durƙusa kafin ki zuba mana yaji."

Na ce, "Durƙusawa ba ta ƙara girman ƙosai, Mama." Aka yi ta dariya.

Na yi murna. Ina so in rubuta wannan da kyau kada in manta: na yi murna. Tun da ya dawo daga jana'iza a ƙauyenmu a watan Fabrairu yaron nan ya yi shiru. Ni ban je ba saboda ƙafata, shi ya je a madadin gidanmu, yana cikin samarin da suka haƙa ramin. Rami ɗaya aka haƙa wa dukan mutanenmu da suka mutu. Maganar ƙauye ke nan, ba zan ƙara ba. Ya dawo yana zuwa aiki yana komowa, ba ya cewa komai. Sai makon jiya bakinsa ya buɗe. Yana waƙa, yana addu'a, yana dariya, ya ce mini ya ji murya ta kira sunansa. Wace uwa ce ba za ta gode ba?

Da na dawo gida na tarar da kunun da na ajiye masa da safe yana nan a rufe.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Ba na sauri a rubutu. Sai da na yi jika na koyi karatu a ajin manya na coci. Amma takarda ba ta kai magana gidan maƙwabta, shi ya sa nake gaya mata.

Jiya Nelson bai yi barci ba, shekaranjiya ma haka. Ina jin takunsa ta bango. Da sassafe ina suya a wurina na bakin titi a nan Narayi, sai ga shi ba takalmi. Wani mai keke ya tsaya sayen ƙosai, Nelson ya ɗora masa hannu a ka ya yi masa addu'a mai tsawo. Mutumin ya ce amin, sannan ya ce, "Mama, wannan ya huce, a canza mini mai zafi."

Na tambayi Nelson ina takalminsa. Ya ce ya ba wanda ya fi shi bukata. Na Kirsimati ne, sabo.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan sujada

Kowa a coci yana gaishe ni. Wasu matan sun fara ce mini uwar bawan Allah.

Vicky ta zo daga Kamazou da jaririnta a baya. Ita ce babbar 'yata, bakinta ba ya jiran kowa. Ta shiga ɗakin ƙaninta, ta fito ta same ni a madafa.

"Mama, kin dubi idon yaron nan?"

"Azumi yake yi."

"Wane azumi? Na yi masa tambaya ɗaya, ya ba ni amsa goma, babu wadda ta haɗu da wata. Ya ce jaririna zai yi wa sarakuna wa'azi. Yaron da ko zama bai iya ba."

Na ce ta kiyayi bakinta a kan abin Ruhu. Ta ɗauki jakarta ta ce, "To, uwar bawan Allah, sai anjima."

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Bai yi barci ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da rana

Malam Tanko ya zo har gida daga Tudun Wada. Shi ne maigidan Nelson. A shagonsa ya koyi aiki tun yana ƙarami, a shagonsa yake har ranar da ya ajiye. Rabon Malam da gidan nan tun ranar da muka binne baban Nelson. Ya zo riƙe da akwatin kayan aiki. Ashe Nelson ya rarraba filaya da sukudireba da mitarsa ga mutanen layinsu, Malam ya bi shago shago ya tattaro.

Na shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, na kawo ruwa. Ya ce, "Maman Nelson, rabin Tudun Wada na kwana cikin gumi saboda ɗanki. Fanka ta taru mini har bakin ƙofa. Ni idona ya daina ganin siririyar waya, shi ne idona."

Na ce masa Nelson ya sami kira.

Ya ce, "Ba zan sa baki a addininku ba. In fasto zai zama, wallahi ni zan ɗinka masa rigar farko. Amma ni na rene shi a aikin nan. Nelson ba ya barin aiki a buɗe. Ranar da ya tafi ya bar firijin wata mata a kwance da hanjinsa a waje, ya bar ƙarfen solda a wuta. Ba halinsa ba ne. A duba lafiyarsa."

Nan Nelson ya fito. Ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi kamar kullum, har zuciyata ta ɗan kwanta. Sannan ya ce, "Malam, na daina gyara abin da zai sake lalacewa. Yanzu rayuka zan gyara."

Malam ya ce, "Allah ya taimaka. Amma mai rai ma yana son iska, Nelson."

Nelson ya yi ta dariya, ya daɗe bai tsaya ba. Malam bai yi dariya ba. Na tura akwatin ƙarƙashin gadona.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Bayan zumunta na ja Mama Janet gefe na gaya mata abin da Malam ya ce. Ta kama hannuna biyu.

"Damaris, duk wanda Allah ya kira sai an ce masa wani abu. Maigidan nasa mutumin kirki ne, na ji, amma ma'aikacinsa yake nema. Ke kin riga kin miƙa yaron a gaban Allah da gaban mata. Abin da aka ɗora a bagadi ba a komawa a ɗauke."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta yi mini addu'a har da hawaye.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Yau ina juya ƙosai ina tunani. Ni ba wanda ya taɓa kirana da murya. Da masaƙar da baban yara yake aiki ta rufe, ya zauna a gida, na ari kasko na fito bakin titi. Kowace safiya kafin in zuba ƙullu nakan ce, Ubangiji, ga hannuna. Da kaskon nan yara suka yi makaranta, da shi nake ba da baiko a coci. Ban taɓa tambaya ko aikin Allah ne ba.

Nelson ya ce mini jiya, "Mama, wake da mai za su shuɗe. Ki bar kaskon ki bi ni."

Na ce, "In na bi ka, wa zai dama maka kunu?"

Ya ce ba ya bukatar kunu yanzu. Wuyansa ya fito. Wandonsa sai da igiya.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta abin da ya faru yau.

Baba Fasto yana tsakiyar wa'azi Nelson ya miƙe. Ya fara kiran sunaye. Sunayen waɗanda aka binne a ƙauye ne, ɗaya bayan ɗaya, har da yaran. Ya ce suna tambaya me muke zaune muna yi. Wasu mata suka fashe da kuka, wasu suka ɗaga hannu suna cewa Ruhu ne. Dattawa biyu suka riƙe shi a hankali suka fita da shi.

Bayan sujada Baba Fasto ya kira mu ofishinsa. Tsoho ne, shi ya yi wa Nelson baftisma. Ya ce, "Ɗana, ni ma kira na ji. Amma sai da na girbe dawar babana na kai rumbu kafin na tafi makarantar Baibul. Allah ba ya ƙyamar hannu mai baƙin mai. Jaririn da ya yi barci a ƙarƙashin fankar da ka gyara, wa ya ba shi barcin? Ubangiji ne, ta hannunka. Ka koma shago, ka ci abinci, ka huta. In kiran na Allah ne, ba zai ruɓe ba, zai jira ka."

Nelson ya ce, "Baba, kun tsufa a cikin aikin, kunnenku ya yi nauyi." Ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Yaron da bai taɓa ɗaga wa babba ido ba.

Baba Fasto ya cire tabarau ya shafa fuska. Ya ce, "Mama Damaris, ni ba likita ba ne. Amma na daɗe ina ganin waɗanda Allah ya kira, kuma suna barci."

Na ce, "Baba, na riga na ba da shaida."

Ya ce, "Na ji labari."

Litinin, 12 ga Mayu, da rana

Vicky ta zo ba jariri, ko zama ba ta yi ba. Ta faɗi kalmar da ake faɗa wa wanda kansa ya taɓu. Ba zan rubuta ta ba. Ta kuma faɗi sunan asibitin, wanda yara suke zagin juna da shi.

"Mama, abeg, ki gaya mini gaskiya. Kunyar Mama Janet kike ji? Guɗar da aka yi miki ta fi ran ɗanki?"

Na ce ba kunya ba ce. To, akwai kunya, amma ba ita ce babba ba. Na ce mata, "In kira ne fa? In na kai shi aka yi masa allura muryar ta yi shiru, ashe ta Allah ce, wa zai amsa a ranar shari'a? Ni ce na tsaya na ce Allah ya yi. Yanzu in koma in ce Allah bai yi ba?"

Ta ce, "In kuma ba kira ba ne, wa zai amsa?"

Muka zauna muna kuka, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Bai yi barci ba. Ya Ubangiji, kana gani.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Ban je zumunta ba. Na aika cewa ƙafata ce. An yi ruwa mai ƙarfi, ya fita cikinsa ya tsaya a tsakar gida hannu a sama. Na kai masa zane ya ƙi. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da zanen har ruwa ya ɗauke.

Juma'a, 16 ga Mayu, da la'asar

Da na dawo daga suya ba ya gida. Na duba coci, na duba bakin titi. Na kira wayarsa, tana ringin a ƙarƙashin matashinsa.

Kafin azahar keke ya tsaya a ƙofar gida. Malam Tanko ya fito da shi, yana riƙe da hannunsa gam, wani maƙwabcin shagonsu yana riƙe da ɗayan. Ƙafafun Nelson duk jini. Da ƙafa ya tafi daga nan har Tudun Wada, ba takalmi. Ya hau kan wani tsohon firiji a ƙofar shago ya fara ɗaga murya yana wa'azi, ranar Juma'a, mutane suna shirin masallaci.

Malam ya ce, "Mutanen layinmu sun san shi, ɗanmu ne. Mai shayi ya ba shi ruwa, masu walda suka tsaya a gabansa suna cewa a wuce, ba shi da lafiya. Na ja shi cikin shago na sauke ƙofa. Amma Maman Nelson, ba kowa ne ɗan layinmu ba. Yau Allah ya sa ina nan. Gobe in ya tsaya a layin da ba a san shi ba fa?"

Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in tashi, ba ya so. Ya duba rana ya ce zai makara salla, suka tafi.

Na dafa ruwa da gishiri na wanke ƙafafun. Yana ta magana a kaina, ban ji ko ɗaya ba. Na cire masa kwalba daga dunduniya, ko motsi bai yi ba. Ya ce gobe muryar za ta gaya masa inda zai je.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Na kulle ƙofar gida na ɗaura makullin a bakin zanena. Ban fita suya ba.

Kowa ya zo da shawararsa. Mijin Vicky ya ce a samo samari huɗu da igiya. Na ce muddin ina numfashi ba mai ɗaure ɗana kamar akuya. Mama Janet ta ce akwai wani gidan addu'a a bayan gari, a kai shi kwana bakwai mai gidan ya tabbatar da kiran. Vicky ta ce, "Mama Janet, kin ga ƙafafunsa kuwa?" Na ce su yi shiru, yana ji.

Da suka watse na tafi wurin Baba Fasto, Vicky ta tsaya gadin ƙofa. Na ce masa na yarda a kai Nelson asibiti. Amma ba zai shiga keke don ganin likita ba, ya ce shi ne aka aiko ya warkar. Abu ɗaya ne zai fitar da shi da ƙafarsa: in aka ce ana bukatar addu'arsa. Na roƙi Baba ya gaya masa haka, shi zai fi yarda da shi.

Baba ya ce, "Zan bi ku, zan zauna kusa da shi a keke. Amma ba zan sa masa tarko da sunan addu'a ba. In na yi, ranar da ya warke ba zai sake yarda da bakin fasto ba, kuma zai bukace shi."

Na ce, "To bakin uwa fa?"

Ya yi mini addu'a, gajeriya.

Lahadi, 18 ga Mayu, da rana

Ban je sujada ba. Na goge masa farar rigarsa.

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Na gaya masa da safe. Na ce, "Nelson, akwai wani asibiti, marasa lafiya sun cika, ba mai yi musu addu'a. Baba Fasto zai je. Ko za ka bi shi?"

Fuskarsa ta yi haske kamar ta yaro. Ya ce, "Mama, yau kin gane. Na san za ki gane." Ya rungume ni. Duk ƙasusuwansa na ji su. Ya yi wanka, ya sa farar rigar, ya ɗauki Baibul ɗinsa, ya sa silifas ɗina saboda ƙafar. Har kunu ya sha rabin kofi, ya ce aikin yau mai nauyi ne.

A keke yana waƙa, mai keken ma ya kama masa amshi. Baba Fasto yana kallon waje. Vicky ta riga mu zuwa, ta yi magana da ma'aikatan.

Ya shiga da ƙafarsa. Ya gaishe da kowa, ya sa wa mai gadi albarka. Suka zaunar da shi, wata likita ta yi masa tambayoyi a hankali, yana amsawa yana murmushi. Sai ta tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Ya dube ta. Ya dubi Vicky. Ya dubi ƙarfen da ke tagar. Sannan ya juyo ya dube ni.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi, "Mama, ke?"

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Ba su yi masa mugunta ba. Sun ba ni farar rigar a leda, maɓalli biyu sun cire.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Na yi barci har rana ta fito. Da na farka na ji kunyar barcin.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Na ɗaura zanen zumunta na tafi. Da aka zo lokacin shaida wata ta gode don mijinta ya sami aiki, wata don an yi mata jika. Sai wata daga baya ta ce, "Uwar bawan Allah, ina fastonmu? Kwana biyu ba mu ji shi ba."

Na miƙe. Na shirya magana tun daga gida, ta gudu. Na ce, "Nelson yana asibiti. Wancan asibitin. Ni na kai shi. Shaidar da na bayar, ban san ko daidai ce ba, ban san ko kuskure ce ba. Ku yi mana addu'a."

Mai tulu ta riga ta ɗaga hannu za ta buga, ta sauke shi a cinya. Ba wadda ta san waƙar da za a ɗauka. Na zauna. Mama Janet ta rufe taro da addu'a, ba ta dube ni ba. A hanya mata biyu suka tsallaka titi kafin mu haɗu. Wata kuma, wadda ba mu taɓa doguwar magana ba, ta matso ta ce a kunnena ƙaninta ma ya taɓa kwanciya a can, yanzu yana tuƙa mota. Ta wuce da sauri.

Asabar, 24 ga Mayu, da la'asar

Da sassafe ina haɗa wuta sai ga Mama Janet da tsohon zane a ƙugu. Ta ce, "Matsa. Yau ranar ziyara ce, ko ba haka ba? Tafi ki ga ɗanki."

Na ce, "Mama, kin iya?"

Ta ce, "Ina suya tun kina tallan gyaɗa." Kaskon farko ta ƙona shi ƙurmus. Ta ce laifin itacena ne. Ba ta yi maganar bagadi ba, ni ma ban yi ba.

Na same shi a kwance. Sun ce yana barci yanzu, yana cin abinci kaɗan kaɗan. Da ya gan ni ya juya fuska bango. Na zauna a bakin gado ina kallon ƙeyarsa har aka ce lokaci ya yi. Tuwon da na kai na bar wa na kusa da shi.

Litinin, 26 ga Mayu, da yamma

Bango kuma.

Laraba, 28 ga Mayu, da rana

Malam Tanko ya kira a waya. Ya ce wani ya kawo masa ɗansa ya maye wurin, ya ce a'a, bencin na Nelson ne. Na ce, "Malam, ban san yaushe ba. Ban ma san ko zai so ba." Ya ce ba tambayata ya yi ba, gaya mini yake yi.

Likita ta ce za a ɗauki lokaci. Ta ce zai daɗe yana shan magani. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru da shi kafin ciwon. Na ce ya je jana'iza. Ta jira in ƙara. Ban iya ba.

Asabar, 31 ga Mayu, da yamma

Yau na same shi a zaune. Ya ƙara kumatu kaɗan. Maganin yana sa hannunsa rawa, maganarsa ta yi nauyi kamar wanda ya tashi daga barci. Bai gaishe ni ba, amma bai juya ba.

Uwar yaron da ke gadon kusa ta kawo wa ɗanta 'yar fanka mai caji, fankar ta ƙi tashi. Tana ta bubbuga ta a tafin hannu. Nelson yana kallo, yana kallo. Can ya ce wa matar, "Mama, daina dukanta." Ya miƙa hannu, matar ta ba shi. Ya kai ta kunne ya girgiza, ya danna makunnin, ya juya fiffiken da yatsa. Ya ce, "Ba ta mutu ba. Waya ce ta cire a ciki."

Ya nemi sukudireba. Ma'aikacin ɗakin ya ce ba a shigo da irin wannan nan, ya yi haƙuri. Nelson ya ce to. Ya ajiye fankar a cinya.

Na buɗe kwanon tuwo. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Tun da suka fara ba ni ƙwayar nan ban ƙara jin muryar ba."

Na ce, "To."

"In ta Allah ce fa, Mama?"

Na ce ban sani ba.

"In na koma wurin Malam, na guje wa Allah ke nan?"

Na buɗe baki in maimaita masa abin da Baba Fasto ya faɗa, na jariri da barci. Na san maganar, na yarda da ita ma. Amma bakin nan ne ya ce masa ana jiran addu'arsa. Na ce, "Ban sani ba, ɗana. Ci tuwonka kafin ya huce."

Ya ci kaɗan. Miya ta zuba masa a riga saboda rawar hannun, na sa bakin zanena zan goge, ya bari.

Da aka ce lokaci ya yi na tattara kwanuka. Daga bakin ƙofa na waiga. Bai ɗago ba. Fankar tana kife a cinyarsa, ya sa farcen babban yatsa a kan sukurun, yana ƙoƙarin juya shi, farcen yana zamewa, yana sake sawa.